Lasisin Maijego

'Yata ta fari aikin gashin ƙashi take yi a wani ƙaramin asibiti a Rusaifa, ɓangaren mata. Wadda ta karye aka cire mata filasta, da wadda ɓarin jikinta ya shanye, da tsohuwar da gwiwa ta hana ta sujada, duk wajenta ake turo su. Sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka Mamana nake kiranta. Ita kuma tun tana ƙarama take amsawa da ƙasaita, kamar da gaske ita ta haife ni.

Aikin nan ba a yinsa sai da lasisin hukuma. Kafin ta samu sai da ta gama jami'a, ta yi shekara guda tana bin manyan likitoci a baya, sannan ta je Jidda ta zauna jarrabawa a gaban na'ura. Lokacin ina tura keken gajiyayyu tsakanin Safa da Marwa. Ranar da takardar ta fito, ban ma cire rigar aiki ba ta tare ni a bakin ƙofa. Ban iya karatu ba a lokacin, ita ta karanta mini, na sa ta maimaita har sau uku. Washegari na kai aka sa wa takardar gilashi, na kafa ta a bangon falonmu a Ka'akiyya, kusa da kalandar lokutan salla. Lasisin na shekara biyar ne, daga nan sai a sabunta.

Bayan haka bayana ya fara ciwo, na bar turin keke. Ita ta gyara mini bayan, kuma ita ta kai sunana ajin manya da ake yi bayan La'asar. Malaminmu yakan ce duk abin da idonmu ya faɗa a kai mu karanta, ko allon shago ne, ko kwalin madara.

A shekarata ta uku a ajin, Mamana ta haihu, namiji. Da yake haihuwar fari ce, gida ta dawo wanka. Mu nan Makka aka haife mu, kakanmu ne ya zo da ƙafa, amma wankan jego bai bar gidanmu ba. Mai riƙe da shi kuwa yayata ce. Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a wani tsohon bene a Misfala. Ranar da aka sallamo Mamana daga asibiti, mun tarar da Yaya a ƙofar gida zaune a kan babbar tukunyarta, da ƙullin kanwa da yaji a cinya.

Daga ranar mulkin gidan ya koma hannunta. Ta kashe na'urar sanyi a ɗakin maijego, a tsakiyar zafin Makka. Ni aka ɗora wa nemo ganyen darbejiya kowace safiya, da ƙafar saniya daga mahauta. Mamana da iliminta na asibiti ta yi ta ciniki da ita: a rage zafin ruwan, a rage kanwa a kunu. Yaya ta rage kaɗan, tana mita. Abu ɗaya ne ba ta yarda a ko taɓa zancensa ba. Maijego ba ta tsallake bakin ƙofa sai ta yi arba'in.

Rana ta goma sha biyu da haihuwa, na yage takardar jiya daga kalanda, na ga watan Safar ya kama. Ina tsaye a wurin sai idona ya koma kan lasisin. Na saba karanta sunanta da ke sama, ban taɓa sauka ƙasa wajen ƙananan lambobi ba. Ranar na sauka. Na karanta, na dubi kalanda, na sake karantawa. Daga nan na je bakin ɗakinta na yi sallama.

"Mamana, lambar nan ta can ƙasa, ranar mece ce?"

"Ranar ƙarewa ce, Baba. Da saura, sai Oktoba."

"To ni dai wata na biyu na gani. Shekarar kuma iri ɗaya ce da ta kalanda."

Ta yi dariya. "Baba, har ka fara gyara wa likita karatu?"

Ta miƙa wa uwarta jaririn, ta fito tana jan silifa. Ta tsaya gaban gilashin, dariyar ta ɗauke. Ta ɗaga yatsu tana ƙirge, sai ta dafa bango ta ce, "Innalillahi."

Abin da ya faru shi ne, a Oktoba ta karɓi lasisin, kuma komai na wajen aikinsu da watannin Turawa ake yi, sai ta riƙe Oktoba a ranta. Takardar kuwa da watan Musulunci aka rubuta ta. Kowace shekara tana guntule kwana goma sha ɗaya, a shekara biyar an ci kusan wata biyu ba ta sani ba. Hukumar ta aiko mata da tuni ta waya, amma saƙon ya nutse cikin saƙonnin barka. Kwana goma sha tara suka rage. Arba'in kuwa saura kwana ashirin da takwas.

Ta zauna ta yi mana bayani. Idan lasisin ya mutu, ba ta da ikon taɓa majinyaci ko da yatsa har sai an farfaɗo da shi, kuma farfaɗowar tana jan lokaci. Asibitin ƙarami ne, wata suka aro ta riƙe mata ɗakin mata zuwa ƙarshen hutunta. Idan ranar komawa ta zo ba ta da takarda, waccan za su bar wa wurin.

Abu uku ake nema. Wasiƙa daga wajen aiki, wannan mijinta zai karɓo. Sai wasu awoyi na lacca, waɗannan ana iya yinsu ta waya tana kwance. Na ukun ne matsalar: shaidar cewa har yanzu ta iya ceton wanda numfashinsa ya tsaya. Tata ta daɗe da ƙarewa. Ita kuwa ba a samunta sai mutum ya je da ƙafarsa, ya durƙusa, ya danna ƙirjin mutum-mutumin roba a gaban malama.

Yaya tana bakin kicin da muciya a hannu, ta ji komai.

"Lasisin me? Hannun nata ne ya ruɓe cikin shekara biyar?"

"Gwaggo, so suke su tabbatar ban manta ba."

"Ni shekara arba'in ina wankan jego a garin nan. Wa ya taɓa tambayata takarda?"

Na ce, "Yaya, ke ai ba a haifi mai yi miki jarrabawa ba."

"Rufe mini baki, kai da na goya. Yarinya da ɗanyen jiki za ta je ta durƙusa a kan tayil, sanyi yana busa ta? In iska ta shige ta, takardar ce za ta yi jinyarta? Su kawo 'yar robar tasu nan. Ai likitoci ma suna zuwa gida."

Na san ba za su kawo ba. Amma na san Yaya: idan ban je na tambaya ba, za ta ce ba a gwada ba. Washegari na hau bas zuwa Rusaifa, na nemo cibiyar da ake koyar da abin, a hawa na biyu bisa wani kantin magani. Wani saurayi ne a teburin karɓar baƙi. Na gaya masa saƙon yayata yadda ta faɗa, ban rage ba. Ya yi ƙoƙari ya danne dariya, ya kasa, sannan ya ba ni haƙuri, ya sa aka kawo mini shayi. Ya ce robar ba ta fita, amma akwai ajin mata zalla kowace Talata da safe, awa huɗu, kuma akwai ɗakin da mai goyo za ta shayar. Talata biyu suka rage da za su yi mana amfani, don bayan an ci sai an bar wa hukuma kwanakin dubawa. Na sa ya rubuta sunanta a duka biyun.

Na dawo na faɗa wa Yaya komai, har da sanyin wurin, don na ji shi a ƙashina. Ta ce, "To ka gani." Ta juya ta ci gaba da dama kunu.

Lacca dai aka fara. Mamana tana jingine da filo, waya a kan gwiwa, wani likita yana ta bayani da Turanci. Yaya ta ce hasken waya yana lalata idon maijego, amma ba ta hana ba. Ranar da aka nuno hoton gwiwa a buɗe ma, kujera ta jawo.

"Haka tawa take a ciki?"

"Taki ta fi wannan kyau, Gwaggo. Ni na gyara ta."

"Allah ya gyara, ke kika murza."

Talatar farko ta zo ta wuce, ba a je ba. Ranar Mamana ba ta ci abincin kirki ba. Matata, uwar yaran, ta same ni a falo, ta rage murya.

"Malam, gidan nan naka ne ko nata? Ka ce a tafi mana. Aikin yarinya zai salwanta kana kallo."

Na ce ta ba ni kwana biyu. Ta ce haƙurina wani lokaci ciwo ne. Ban musa ba. Amma na san idan na buɗe baki na ce a tafi, tafiyar za a yi, sai dai kafin mu dawo Yaya ta ɗaure tukunyarta ta koma Misfala. Ba za ta yi faɗa ba. Za ta daina zuwa ne kawai. Ita ta wanke uwar yaran a haihuwa biyar, ita ta wanke Mamana ranar da ta zo duniya. Ban so a ceci takarda a rasa wannan ba, ban kuma so a rasa takardar ba. Kwana biyun da na roƙa suka zama shida, ban samo dabara ba.

Ranar Litinin, jajiberin Talatar ƙarshe, Yaya tana azumi. Ramuwa take yi, don a Ramadan ɗin da ya wuce ta kwanta ciwo ta sha kwanaki. Da yamma na biya kasuwa na sayo mata dabino mai laushi da sambusa. Da aka kira Magariba na ajiye a gabanta, na zauna gefe.

"Yaya, saura nawa ramuwar?"

"Biyu."

"Allah mai sauƙi. Lalura ta zo, mutum ya sha, daga baya ya rama, kuma azuminsa ya cika cif."

Ta dube ni, dabino a baki. Na tashi na tafi masallaci.

Da na dawo na tarar ta tara su a falo, ta hakimce a kujerata.

"Zauna," ta ce da ni. Ta juya wajen Mamana. "Ke uwata, ubanki ya ɗauka ya yi mini wayo. Tun daga dabinon na gano shi. Yaushe rabon da ya saya mini mai tsada?"

Uwar yaran ta toshe baki da mayafi.

"Gobe za ki je. Amma goben ba ta cikin arba'in, ramawa za ki yi. Kuma kwana uku za ki rama."

"Gwaggo, awa huɗu ce fa!"

"Ɗaya na fita. Ɗaya na sanyin da za ki kwasa. Ɗaya na rainin wayon ubanki."

Mamana ta faɗa jikinta ta rungume ta, Yaya tana ture ta tana cewa, "Sake ni, kar ki ɓalla mini gwiwar da kike taƙama da ita."

Da safe sai da aka yi wanka tukuna. Aka ɗaure mata ciki da zani, aka sa mata safa biyu, aka toshe kunnuwanta da auduga, aka ɗora rigar sanyi a ƙarƙashin abaya. Yaya ta cika fulas da kunu, ta ce ƙafarta ƙafar maijego. Wani maƙwabcinmu mai tasi ya ɗauke mu. Yana kai hannu zai kunna sanyi, Yaya ta ce, "Kul!" Haka muka tafi gilashi a rufe, bawan Allah yana tuƙi yana share gumi da hularsa. Da muka isa ya ce mini, "Alhaji, in za ku koma, ku kira ni bayan arba'in."

Ajin na mata ne, don haka a ƙasa na zauna wajen mai kantin magani. Abin da ya faru a sama, uwar yaran ce ta ba ni labari, kuma na ji shi daga bakin Yaya ya fi sau goma, kowane da ɗan ƙari.

Malamar wata 'yar Sudan ce, doguwa, mai fara'a. Da ta ga tsohuwa da fulas ta biyo ɗaliba, ta tambaya, aka gaya mata. Sai ta sa aka rage sanyin ɗakin, ta ba Yaya kujera a bakin ƙofa. Yaya ta shimfiɗa dardumar salla a inda Mamana za ta durƙusa, don kada gwiwarta ta taɓa tayil. Da aka zo danna ƙirji, Mamana ta haɗe hannu tana dannawa tana ƙirge da ƙarfi, Yaya tana daga baya tana cewa, "A hankali, ke! Ba sakwara kike kirɓawa ba." Malamar ta ce a'a, Hajiya, haka ake so, da ƙarfin. Yaya ta ce to robar ce ta ja wa kanta.

Daga nan aka fito da 'yar tsanar jariri, za a nuna yadda ake yi idan abu ya sarƙe yaro. Nan Yaya ta kasa zama.

"Wannan ne sai an fito da maijego? Ina da shekara goma sha biyu Inna ta koya mini."

Malamar ta ce ta zo ta nuna. Yaya ta karɓi 'yar tsanar, ta kama ƙafafunta ta zazzago kanta ƙasa. Malamar ta riƙe hannunta da ladabi, ta kifa 'yar tsanar a kan damtsenta, ta tallafe haɓar, ta nuna mata inda ake bubbugawa tsakanin kafaɗu. Yaya ta gwada sau ɗaya, ta sake gwadawa. Sannan ta ce, "Wannan ya fi. Wuyan ba ya wahala." Uwar yaran ta ce tun da ta shigo danginmu ba ta taɓa jin Yaya ta ce na wani ya fi nata ba. Matan ajin suka tafa mata. A lokacin hutu kuwa fulas ɗin kunu ya zagaya ɗakin, har malamar ta nemi ƙari.

Gab da Azahar suka sauko. Mamana tana gaba, audugar kunne ɗaya ta faɗi, tana ɗaga mini takarda tun daga kan bene. Ta ci. A cikin motar ta haɗa komai ta tura wa hukuma ta waya, da shaidar laccocin da wasiƙar da mijinta ya karɓo.

Saura jira. Kullum in ta duba sai ta ga an rubuta ana dubawa. Yaya ta ce ita ba ruwanta da zancen, amma kowace safiya in ta fito da tukunya sai ta tsaya a bayana.

"Mutanen naku sun amsa?"

"Tukuna, Yaya."

"Me suke dubawa haka? Ni da idona na ga ta danna."

Saura kwana biyu tsohon lasisin ya mutu, da hantsi, ina tsinke ganyen darbejiya a falo, sai na ji Mamana ta ƙwala kira daga ɗaki, "Baba! Ya fito!" Kafin in miƙe, Yaya ta rangaɗa guɗa. Ban san tana da sauran wannan muryar ba. Jaririn ya firgita ya fasa kuka, matan bene na sama suka sauko da gudu suna tambaya ko wata ce ta sake haihuwa. Mamana ta miƙo mini wayar, ta ce wannan karon ni zan karanta mata. Na karanta a hankali, tun daga sunanta har ƙasa. Shekara biyar cif. Ta ce in riƙe ranar a kaina, ita ta sauka daga wannan aikin.

Ranar arba'in mijinta ya zo da yamma. Ya wanke mota, ya sha farar jallabiya, ya cika bayan motar da tsaraba. Babu wanda ya tuna ya gaya masa zancen ramuwa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida uwar yaran, sannan ya juya wajen Yaya.

"Gwaggo, mun gode, Allah ya saka. Na zo ɗaukar iyalina."

"Wane iyali, angon ƙarni? Yau talatin da bakwai."

Ya dube ni. Na dubi silin. Ya fara ƙirge da yatsu, Mamana tana leƙowa daga bayan labule tana dariya har da hawaye.

"Gwaggo, wallahi arba'in ne. Na yi ta lissafi."

"Lissafinka daban, nawa daban. Matarka ta ci bashin kwana uku ta sayi lasisi. Shigo da kayan, ka zauna ka sha farfesu. Ranar Lahadi ka dawo."

Ya shigo da kayan. Ya sha farfesun ƙafar saniya kwano biyu, ya ɗauki ɗansa ya yi masa wasa har aka kira Magariba. Muka tafi masallaci tare, daga can ya shiga motarsa ya koma gida shi kaɗai.